Yaya Hajara da Fitar Baba ta La'asar

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar yayata, Malama Hajara. A irin wannan lokaci na damina muka kai ta makwancinta a ƙauyenmu da ke gefen Miga, gero ya kai ƙugu, hanyar maƙabarta duk caɓi. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kanta, sai in ga abin da ke fitowa bai wuce mutuniyar kirki ce, mai haƙuri, mai zumunci ba, wato yabon da ake yi wa duk wanda ya riga mu. Ita kuwa malamar lissafi ce. Da zan miƙa mata irin wannan, jan biro za ta zaro ta rubuta a ƙasa, "Amsa ta yi, amma ina aikin?" Don haka nake ajiyewa. Bana dai ina da aikin da zan nuna, domin bara na kusa rasa mahaifinmu a kan titin Dutse, kuma ba wanda ya fitar da ni daga wannan tsaka mai wuya sai ita, tana kabarinta.

Ita ce 'yar farin Baba, ni ne auta. Ita ta goya ni, ita ta fara ɗora hannuna a kan allo, kuma ita ta fara ƙwala min ludayi a ka, abin da har ta rasu ba ta amsa ba. Saboda kunyar ɗan fari, ban taɓa jin Baba ya kira sunanta ba. Tana ƙarama "yarinyar nan" ce, da ta fara koyarwa sai ya samu sauƙi, ta koma "Malama". Ta yi shekaru a wata firamare a Ringim kafin a dawo da ita Dutse, ta kama haya a Takur. Bayan rasuwarta mijinta ya koma garinsu da yaran, ni kuma na karɓi gidan, shi nake ciki yanzu da matata Zainab da 'yarmu Ummi.

Mutane sukan ce Yaya tana da kaifin ƙwaƙwalwa. Ni da na zauna da ita na san ba ta fi mu saurin gane abu ba, sau da yawa ma ita ce ta ƙarshen magana. Abin da take da shi wata ɗabi'a ce mai ban haushi: idan matsala ta taso kowa ya miƙe zai tare ta, ita sai ta ce a dakata, ta tambaya, "To, ina za shi?" Ruwa ne, yaro ne, kuskuren lissafi ne, tambayarta ɗaya. A wurinta duk abin da ka ga ya nace wa hanya ɗaya akwai inda ya nufa, kuma kafin ka san wurin, duk shingen da za ka kafa wahalar banza ce.

Na fara ganin haka ina yaro. Duk damina ruwa sai ya shigo zauren gidanmu ya jiƙa buhunan Baba, duk damina kuma sai maza su tara ƙasa a bakin ƙofa su daddaɓe, ruwa ya zo ya kwashe. Wata shekara Yaya ta zo hutu, aka kece da ruwa da hantsi, sai kawai ta ɗora buhu a ka ta fice ba takalmi. Inna tana daga ɗaki tana ƙwala mata kira, tana cewa boko ya fara taɓa yarinyar nan. Ashe bin ruwan take yi tun daga bakin masallaci. Ta dawo jiƙe sharkaf, ta durƙusa ta ce, "Baba, ruwan nan ba zaurenmu yake nema ba. Kududdufin baya za shi, katangar Baffa Ilu ce ta tare shi." Baba bai ce mata uffan ba, don ba a yabon 'yar fari a gabanta. Amma washegari na gan shi da ƙanin nasa suna huda ƙasan katangar suna fitar da rariya, kuma zaurenmu bai sake jiƙewa ba.

A Ringim ma haka ta yi. 'Yan matan ajinta da an fita hutun tara sai su ɓace, ba a sake ganinsu sai gobe. Shugaban makaranta ya tsayar da malami da bulala a bakin ƙofa, yaran suka koma tsallake katanga. Yaya ta ɗauki mayafinta ta bi su. Gida suke zuwa su ɗauki kwanon abinci su kai wa iyayensu maza da ke ban ruwa a lambunan fadama. Kai abincin ba ya cin lokaci, bulalar da ke jiransu a ƙofa ce take hana su dawowa. Ta lallaɓa shugaban ya ɗan tsawaita hutun, ya ɗauke mai bulala, ya mayar da darasin lissafi na safe. Iyaye suka ci abincinsu da zafi, yara suka dawo aji. Ɗaya daga cikin 'yan matan nan yanzu ungozoma ce a wani asibiti a nan Dutse, ita ta karɓi haihuwar Ummi, kuma a bakinta na ji labarin, don Yaya ba ta ba da labarin kanta.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan. Ummi tana ɗaukar hoton tambayar lissafi da wayar uwarta, kafin ta ƙifta ido amsa ta fito. Ina jin Yaya ba za ta ƙwace wayar ba. Kujera za ta jawo ta ce, "Madalla, ta ba ki amsa. Yanzu nuna min ta inda ta biyo." Mu manya ne za mu sha faɗa. A ofishinmu duk matsalar da ta taso maganinta sabuwar doka: ma'aikata suna makara, a rufe ƙofa da wuri, ba mai tambayar daga ina suke tasowa. Mu 'yan'uwanta ma da muka girma a hannunta, da tamu matsalar ta zo, kwaɗo muka fara saya.

Bayan Yaya da 'yan shekaru Inna ta bi ta. Baba ya rage shi kaɗai a gidan ƙauye da awakinsa, sai mantuwa ta fara kama shi. Ya yi sallar azahar ya sake yi, ya aika a kira masa abokin da ya daɗe a ƙasa. Muka yanke shawarar ya dawo wurina, tunda ni ne kusa da asibiti. Dabbobin muka miƙa wa Baffa Ilu, muna cewa ai wahalar ta isa, lokacin hutu ya yi. Na gyara masa ɗaki da fanka da katifa mai laushi. Likita ya duba shi ya ce gigin tsufa ne, ba shi da magani sai haƙuri da sa ido.

Da safe Baba ba shi da matsala. Zai sha kokonsa, ya ja carbi, ya ba Ummi labarin da ya ba ta jiya. Amma da an sallame la'asar sai ya leƙa sama ya dubi rana, ya sa hula, ya ɗauki sandarsa, ya nufi ƙofa. Idan Zainab tana kicin, ya fice ke nan. Da farko a cikin unguwa ake tsinto shi, masu shago su rako shi. Wata rana cikin daminar bara ya kai har babban titi. Maƙwabciyarmu Madam Rifkatu, mutuniyar Filato da ta daɗe tana aikin gwamnati a Dutse, aminiyar Yaya tun zuwanta Takur, tana dawowa daga aiki a adaidaita sahu ta hango shi a tsakiyar kwalta. Wata tifa ta ci burki a gabansa, direba yana zagi, shi kuwa yana ta waige-waige. Ta sauka ta riƙo hannunsa ta kawo shi gida da takalmi ƙafa ɗaya. Da na dawo na tarar tana kuka, Zainab tana kuka, Baba yana tambayar wa ya rasu. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

A zauren danginmu na waya kowa ya zama likita. Wannan ta ce rubutu, wancan ya ce hayaƙi, wani ya ce a nemo ƙwayar barci a riƙa ba shi da rana. Daga ƙarshe babban wanmu, Yaya Umaru, ya bugo daga Kano ya ce a bar wasa da rai, a sa kwaɗo. Ba wanda ya musa. Kullum kafin la'asar sai a garƙame get, Zainab ta ɗaure makullin a bakin zaninta.

Baba bai sake fita ba, wannan gaskiya ne. Amma da lokacinsa ya yi sai ya kama ƙarfen ƙofar yana jijjigawa, ya buga da sanda, ya buga da tafin hannu, har magariba. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a gidan da zaurensa ko ƙyaure babu. Wata rana ya juyo ya dubi Zainab, bai gane ta ba, ya ce, "Baiwar Allah, ki gaya wa mai gidan nan, idan wani laifi na yi a faɗa min in ba da haƙuri." Ya daina cin tuwon dare, ya daina ba Ummi labari, rigunansa suka fara yi masa yawa. Na duba na ga abu biyu ne a gabana: in buɗe ƙofa mota ta kashe min uba, ko in rufe baƙin ciki ya kashe shi a hankali ina kallo. A lokacin ne na fi jin rashin Yaya, har nakan ji haushinta da ta tafi ta bar ni da wannan.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Madam Rifkatu, duk bugun ƙofar nan a kunnenta yake. Wata Lahadi ta dawo daga coci, ko kaya ba ta canza ba ta shigo, ta durƙusa ta gaida Baba, sannan ta ja ni gefe.

"Baban Ummi, ina da tambaya, kada ka ji haushi. Ni na kamo Baba, masu shago sun kamo shi, kai ma ka sha kamo shi. A cikinmu akwai wanda ya taɓa barin sa ya kai inda za shi?"

Na ce, "Madam, ai ba inda za shi. Likita ya ce ciwon ne."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ƙanin Malama ne kuwa? Da tana nan ka isa ka faɗi haka a gabanta?"

Ban isa ba. Washegari na baro ofis da wuri, na karɓi makulli a hannun Zainab na buɗe, na koma gefe. Baba ya dubi rana, ya ɗauki sanda, ya fita, na bi shi a baya kaɗan. Abin da na fara lura da shi shi ne tafiyarsa ba ta wanda ya ɓata ba ce. Gabas ya miƙa, duk lungun da ya karkace sai ya sake gyara fuskarsa gabas, kuma a ƙauyenmu ta gabas burtali yake, hanyar da dabbobi ke bi tsakanin gonaki. Da muka zo titi na kama gefen rigarsa muka tsallaka, bai ko kula ni ba. Muka wuce gidajen ƙarshe, muka kai inda gonaki suka fara a gindin duwatsu. Nan ya tsaya a bakin wata 'yar hanya, ya kare ido da hannu, ya yi wani kira da rabona da ji tun ina firamare, kiran da yake yi wa awakinsa. Ya yi ta yi, ba abin da ya fito. Sai ya waigo ya gan ni.

"Samari, don Allah ba ka ga awaki sun wuce ta nan ba? Akwai wata ja mai farin goshi, ita ke gaba."

Na ce ban gani ba.

"Rana za ta faɗi ba su shigo ba. Damina ce, ko'ina gonakin mutane ne. Ni dabbata ba ta taɓa cin shukar wani ba, ba kuma za a fara yau ba."

Na juya baya don kada ya ga idona. Tun yana saurayi, duk yammacin duniya yakan fita bakin burtali ya tari dabbobinsa, ya shigo da su, sannan ya ci abinci. Ya manta sunana, ya manta Inna ta rasu, amma bai manta akwai haƙƙin maƙwabci a wuyansa kafin rana ta faɗi ba. Mu kuma mun raba shi da dabbobin da sunan hutu, mun kulle shi a daidai lokacin da yake ganin mutuncinsa na shirin zubewa a gonar wani.

Murna ta sa na yi gaggawa. Ranar kasuwa na zaɓo farin rago ƙosasshe, na kafa turke a tsakar gida na ɗaure, na tura hotonsa zauren dangi, aka yi ta sa min albarka. Baba ya ji daɗin ragon ƙwarai. Ya shafa gadon bayansa, ya buɗe bakinsa ya duba haƙori, ya ce zai yi layya. Ana sallame la'asar ya ɗauki sanda ya nufi ƙofa.

Na ce, "Baba, ina kuma za ka? Ga ragonka nan."

Ya yi min irin kallon da ake yi wa ɗan birni ya ce, "Wannan ai na turke ne. Na waje nake ji."

Ɗan manomi jikan manomi, amma zaman ofis ya mantar da ni bambancin dabbar turke da dabbar kiwo. Na tsaya a rabin lissafi na rubuta amsa. Zainab ce ta ƙarasa min, don 'yar Ringim ce da ta tashi a gidan dabbobi. Ta ce, "Baban Ummi, ko garke guda ka cika gidan nan da shi, in dai a ɗaure suke sai ya fita. Shigowarsu yake so ya gani. Sai an samu masu fita da safe su dawo da yamma."

Na tafi ƙauye na gaya wa Baffa Ilu. Tsohon ya share ido da hannun riga, ya ware min awaki uku daga tsatson na Baba, har da wata ja mai farin goshi, jikar wadda yake nema. Suka yi kwanaki a ɗaure har suka saba da gidan da dusar Zainab. A gefen Takur akwai wani Bafulatani, Malam Buba, da ke tattara dabbobin unguwa da damina ya kai su kiwo ya dawo da su. Na roƙe shi ya riƙa biyowa ta ƙofarmu. Bai ja zancen ba, ya ce shi ma ya yi jinyar uwarsa da irin wannan ciwo, kullum ƙwarya take nema za ta tatsi shanun da aka daɗe da sayarwa.

Saura mai wuyar: dole ƙofa ta kasance a buɗe a daidai lokacin da muka saba kulle ta. Yaya Umaru ya bugo ransa a ɓace. Ya ce, "Sabo, akuya za ka ba amanar ran Baba? Idan wani abu ya same shi, ka san abin da za ka gaya wa 'yan'uwanka." Ban ga laifinsa ba, tsoron da ke cikinsa shi ke cikina. Na ce ya ba ni rana ɗaya, ina tsaye a wurin.

Ranar, Malam Buba ya wuce da awakin da hantsi, Baba yana kallo. La'asar ta yi, na cire kwaɗo na wangale get. Baba ya fito ya dubi gabas. Layin shiru, ba garke ba alamarsa. Ya gyara riƙon sanda ya fara tafiya. Na bi shi, ƙarar motocin babban titi tana matsowa, ina cewa a raina shi ke nan, gobe kwaɗo zai koma. Madam Rifkatu ta fito ƙofarta ta tsaya da hannu a ƙirji. Mun kusa ƙarshen layi sai ga kukan awaki daga kwana, garken ya ɓullo, Malam Buba a baya da sanda a kafaɗa.

Baba ya tsaya cak, ya yi kiran nan nasa. Ban san ko jini ne ko ƙanshin dusar da ke hannun rigarsa ba, amma jar akuyar ta ɗaga kai ta ware daga garke ta nufo shi, sauran biyun suka biyo ta. Malam Buba ya rusuna ya ce, "Dattijo, ga amanarka. Ba su taɓa ganyen kowa ba."

"Madalla," in ji Baba. "Allah ya yi albarka."

Ya juya wa titi baya da kansa, ya kora awakinsa gida. Bayan magariba ya cinye tuwonsa ya ce miyar ta yi, a ƙara masa. Zainab ta shiga kicin da kwanon tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi.

Ba zan ce Baba ya warke ba, ciwon yana nan yana ci gaba. Wasu ranakun ni samari ne, wasu ranakun Baffa Ilu. Ranar da garke ya makara dole wani ya zauna da shi a dakali yana jan sa da hira. Awakin kuma sun cinye alayyahun da Madam Rifkatu ta shuka a ƙofar gidanta, ta kewaye shi da waya, ta ce ba ta da bakin ƙara tunda ita ta jawo wa kanta. Amma shekara ta zagayo bai sake kai titi ba. Da rani awakin da kansu suke fita su dawo, damina ta sauka Malam Buba ya karɓi aikinsa. Yaya Umaru ya zo ya gani da idonsa, da zai tafi sai ya sauke buhun dusa daga bayan motarsa.

Yaya Hajara ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba, littattafanta ma gara ta cinye rabi kafin mu farga. Idan aka auna ta da ma'aunin da ake auna mutane yanzu, malamar firamare ce da ta yi aikinta ta tafi. Amma na ga abin da ta bari yana aiki a hannun mutanen da ba abin da ya haɗa su sai saninta: maƙwabciya 'yar Filato, matata da ba ta daɗe tare da ita ba, da ni da na fi kowa taurin kai. Kwanan baya na ji Ummi tana gaya wa ƙawarta da suke aikin gida tare kada ta goge kuskuren tukuna, su bi shi su ga inda ya kauce. Ban koya mata ba, ko kuma na koya mata ban sani ba. Shi ya sa ba na cikin masu cewa zamani ya lalace ba gyara. Muddin akwai mai haƙurin bin yaro, ko ma'aikaci, ko tsoho, ya ga inda ya nufa kafin ya yanke masa hukunci, to da sauran alheri a gaba. Allah ya kai haske kabarinki, Yaya, ya sa yaran da kika dawo da su aji su zama shaidarki, ya haɗa ki da Inna a inuwa ɗaya.

Jiya ne ranar rasuwarta ta zagayo. Na dawo daga aiki na tarar da Baba a dakali, sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Garke ya iso, awakinsa suka ware, yanzu har da 'ya'ya suna tsalle a baya. Ya tsaya a bakin get yana dafa bayan kowacce tana wucewa. Sannan ya leƙa tsakar gida, ya ga Zainab a bakin murhu, ya ga Ummi, ya waigo ya gan ni.

"Kowa ya shigo?"

Ni na san akwai wadda ba za ta sake shigowa ta ƙofar nan ba, shi kuwa Allah ya ɗauke masa nauyin sanin. Na ce, "Kowa ya shigo, Baba."

Ya jawo get da hannunsa, ya zura sakata, ya jijjiga ya ji ta kama.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "A kawo tuwo."